Zanen da Allura Ta Binne: Tafiya Ƙasar Kabo da Gwarzo

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙi titin Gwarzo, sai ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya wuce barikin soja na Janguza, ya kai Rimin Gado, kafin hayaniyar birni ta sake shi gaba ɗaya. Daga nan ƙasa take buɗewa. Gonakin dawa da masara da gyaɗa sun shimfiɗu hagu da dama, ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye jefi-jefi a cikinsu, ƙauyuka kuma suna leƙowa ta bayan dangar kara da rumbunansu. Nan ce ƙasar Kabo, wadda ta yi iyaka da Rimin Gado da Ƙaraye da Gwarzo. In aka ci gaba da nausawa yamma za a tarar da Gwarzo, kimanin kilomita 70 daga Kano, a bayanta kuma Dayi ta Jihar Katsina, bisa hanyar Malumfashi. Yanki ne na manoma, mai tsofaffin garuruwa irin su Godiya da Getso. Mutanen nesa da yawa sun fara ganin sunan Kabo ne a jikin jirgin sama, albarkacin kamfanin Kabo Air da marigayi Alhaji Muhammadu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980.

Idan ana lissafa garuruwan da suka yi suna a harkar tufafi, ba kasafai ake ambaton Kabo ko Gwarzo ba. Kura ake kira saboda rini da bugu, a kira Ƙofar Mata saboda karofinta, a kira birnin Zariya da Bida saboda manyan riguna. Amma tambayar da ta kai ni wannan yanki, amsarta ta fi kusa da zaurukan karkara fiye da kantunan birni: su wane ne suka zana aikin rigunan da iyayenmu da kakanninmu suka sa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma ina zanen nasu ya shiga?

Abin da ya tayar da tambayar shi ne ganin yadda wasu ƙasashe suka riƙi irin wannan zane nasu. A Turai da Amurka, mai tsara tufafi yakan fara aikinsa a kan takarda. Da fensir ko alƙalami zai fitar da siffar rigar da ke ransa, ya nuna inda za ta tsuke da inda za ta buɗe, ya maƙala ƙyallen yadin da yake so a gefe, sau da yawa ya sa hannu. Daga nan takardar ta tafi wurin masu yanka da masu ɗinki. Riga ta fita kasuwa, ta yi zamaninta, ta tsufa, takarda kuwa tana nan a cikin kundi. A ranar 12 ga Fabrairu, 1947, Christian Dior ya nuna tufafinsa na farko a birnin Faris, masu tsukakken ƙugu da faffaɗan siket mai cin yadi, a lokacin da mutanen Ingila ke sayen tufafi da ƙayyadadden kati saboda ƙarancin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari. Da ya rasu a 1957, wani saurayi ɗan shekara 21, Yves Saint Laurent, ya gaje shi a wurin tsara kayan kamfanin. Shi wannan saurayi, a 2017 an buɗe gidajen tarihi biyu da sunansa, ɗaya a Faris, ɗaya a Marrakesh ta ƙasar Maroko, kuma cikin abin da aka adana nasa akwai dubban zane-zanen da ya yi da hannunsa.

A Landan, gidan tarihi na Victoria da Albert, wanda asalinsa ya faro tun 1852, yana riƙe da kundayen zane na tsofaffin gidajen ɗinki irin su Worth da Paquin. Rigar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sa ranar naɗinta a 1953, an san wanda ya tsara ta, Norman Hartnell, an kuma san cewa sai da ya gabatar da zane har tara kafin a tsaya a kan guda. Amfanin waɗannan takardu ya wuce na kallo. Ɗalibi yakan ga tunanin gwani yana tafiya a kansu: layin da ya ja ya goge, hannun rigar da ya sauya, siffar da ya gwada ya watsar. Masanin tarihi yakan karanta halin tattalin arzikin zamani a faɗin siket da tsawonsa. Kamfani kuwa yakan koma cikin kundinsa ya ɗebo tsohon salo ya sabunta, ya sayar da tsada, kuma takardar ce shaidarsa cewa salon nasa ne.

To, mai karatu ya dawo gida ya dubi waɗannan shekaru ɗin dai. A 1956 ita wannan Sarauniya ta zo Nijeriya, aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna, ta kuma ziyarci Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya. Hotunan suna nan: sarakuna da hakimai cikin alkyabbu da kuftoci da rigunan da aiki ya cika ƙirjinsu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da babbar riga da rawani aka san shi. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya sauka Amurka a 1961 ya gana da Shugaba Kennedy. Malam Aminu Kano kuwa ya zaɓi sauƙaƙan fararen tufafi marasa tarin ado, kuma talakawa sun fahimci abin da yake faɗa musu da wannan zaɓi tun kafin ya buɗe baki. Wato a shekarun neman mulkin kai, tufa magana ce, aikin da ke jikinta kuma wani ne ya zauna ya tsara shi. Mun san sunan wanda ya zana wa baƙuwa rigar naɗinta. Masu masaukin da suka tarye ta, sunayen waɗanda suka zana musu nasu rigunan ba su shiga littattafan makarantunmu ba.

Wannan rashi yana da dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ake aikin kansa. Babbar riga ta gargajiya takan bi ta hannuwa da yawa. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya jefa ƙoshiya ya fitar da ƙyalle siriri mai tsawo. In ana son shuni, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ya yi sheƙi. Maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen su zama riga, ya fitar da wuya da babban aljihun ƙirji. A nan ne mai zane yake shigowa, kuma sau da yawa malamin allo ne ko babban almajiri, domin hannun da ya saba da alƙalamin kara da tawada, wanda ya iya zayyanar allon sauka, shi ya fi iya jan layi ba gargada. Zai shimfiɗa rigar ya zana aikin a jikinta kai tsaye. Sai mai allura ya karɓa ya bi layin da zare, na auduga ko na tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa, ko alharini mai jan launi da fatake ke kawowa ta Sahara. Bayan makonni ko watanni, idan aiki ya kammala, ba sauran layin tawada ko ɗaya da ido zai gani. Zare ya rufe shi, abin da ya yi saura kuma wanki ya tafi da shi. Gwanintar mai allura ita ce ta binne aikin mai alƙalami.

Shi kuwa zanen yana da ƙa'idoji da sunaye kamar kowane fanni na ilimi. Akwai aska biyu, wato dogayen siffofi biyu masu tsini da ke saukowa daga gefen wuya bisa aljihu. Akwai aska takwas, inda aka ƙara wasu a kan aljihu, wasu kuma suka haura kafaɗa. Akwai tambari, da'irar nan mai murɗawa da ke zama a ƙirjin dama da kuma gadon baya. Akwai gidan biyar mai murabba'ai, wanda wasu masana ke ganin kamanninsa da hatimin malamai. Akwai dagi mai sarƙaƙiya, wanda har a bangon gidaje ake yin sa. Ga linzami a bakin wuya, ga malum-malum da aiki ke mamaye gaba da baya, ga surfanin ƙafar wando. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan gado ba. Nufawa sun shahara da shi, har ake cewa girken Nupe, kuma a zamanin Daular Usmaniyya kyautar riga daga hannun sarki alama ce ta girmamawa da amincewa, shi ya sa salon ya yaɗu daga Sakkwato har Ilori. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus.

Ina karkara irin ta Kabo da Gwarzo ta shigo cikin wannan labari? Ta shigo ta tushe. Yammacin Kano yana manne da ƙasar auduga da ta miƙa zuwa Malumfashi da Funtuwa, inda Turawan mulkin mallaka suka kafa injinan gurza a ƙarƙashin ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya da aka kafa a 1902. Tun kafin zuwansu, zaren da ke ciyar da masaƙa daga ɗakunan matan karkara yake fitowa. Haka kuma aikin allura sana'ar rani ce. Idan an gama girbi an kai amfani rumbu, manomi da almajiri sukan zauna a inuwa da riga ko hula a hannu, wasu kuma su tafi cin rani birni su karɓo aiki a wurin dillalan kasuwar Kurmi. Rigar da aka saya a birni aka kira ta aikin Kano, ba mamaki a zauren wani ƙauye aka ƙarasa ta. Da masaƙun zamani suka buɗe, irin ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, da kuma shigowar shadda da keken ɗinki, saƙi da fari na hannu suka ja baya, amma zanen bai mutu ba. Ya tashi daga kan saƙi ya koma kan shadda.

A wani ƙauye na ƙasar Kabo an kai ni wurin wani dattijo, malamin allo, wanda aka ce a da shi ke zana wa mutanen yankin riguna da huluna. Na same shi a zaure bisa buzu, idonsa ya fara rauni, amma hannunsa bai yi rawa ba. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, da kuna koyo, a ina ake ajiye zanen da kuke kwaikwaya?”

Ya ce, “Ɗana, malaminmu bai taɓa ba mu takarda ba. Tsohuwar riga yake shimfiɗawa ya ce mu duba da kyau, sannan ya naɗe abarsa. Sai mu share ƙasa mu zana da tsinke. In bai yi ba, ya sa ƙafa ya goge, a sake. Sai ka shekara a ƙasa kafin a bar ka ka taɓa yadin mutane, domin tawada in ta hau farar riga ba ta san ba-da-gangan-ba.”

Na ce, “To Baba, ko da kuka girma ba ku taɓa zanawa a takarda ba?”

Ya ce an yi. Da siminti ya yawaita, takardar buhunsa suke yankawa su gwada sabon aiki a kai kafin su hau riga, ko su nuna wa mai riga ya zaɓa. Ya aika yaro ya ɗauko wata tsohuwar gafaka. A cikinta, bayan 'yan takardun karatu, akwai falle uku masu launin ƙasa, gefensu duk gara ta ci. Sauran, in ji shi, ɗigar ɗaki ta lalata su wata damina. A falle ɗaya ya zana tambari sau biyu, na farko ya yi masa ƙunci, na biyu ya buɗa shi. A wani fallen akwai aska da aka ja aka sake ja a gefenta don a ƙara mata tsini. Wato dai abin nan da ɗalibai ke zuwa Landan su gani a bayan gilashi, tunanin gwani yana gyara kansa, shi ne a gabana bisa tabarma.

Na tambaye shi ko mai zane yana da wata alama da ake gane aikinsa. Ya ce, “Kowa da hannunsa. Aska takwas dai aska takwas ce, ba mai ƙara ta tara ya ce ita ce. Amma yadda za ka karya dagi a gindin aljihu, da tazarar da za ka bari tsakanin aska da aska, wannan naka ne. Ranar idi ina daga sahun baya nake gane rigunan da na zana.” Jikokinsa biyu teloli ne, in ji shi, amma ba wanda ya koyi zane a cikinsu, domin ba mai nema.

Irin waɗannan takardu ba su ɓace duka ba, sai dai waɗanda suka tsira, galibi wani ne daga waje ya ga darajarsu. David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1979, ya bi kasuwanni da zauruka yana nazarin aikin allura na Hausawa, a kansa ma ya yi digirinsa na uku. A 1972 ya buga maƙala a mujallar Savanna ta jami'ar a kan wasu zane-zanen aikin tufafi da ya samu a Kano, yana nuna yadda mai su ke ƙirƙira da sarrafa siffofi. A 1976 ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan, cikin bikin baje kolin al'adun duniyar Musulmi da aka yi a wannan shekara. Wani ɓangare na abin da ya tara yana Gidan Tarihi na Birtaniya a yau. Haka Colleen Kriger ta yi nazarin rigunan Daular Usmaniyya da ke ajiye a gidajen tarihin Turai, marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero kuma ya bi diddigin sana'ar rini da fataucin tufafi a ƙasar Kano. Sun cancanci godiya. Amma ɗalibin Gwarzo da ke son ganin yadda kakansa ke tsara aikin wando, bai kamata a ce sai ya nemi biza ba.

A garin Gwarzo na zauna a shagon wani matashin tela, ana saura 'yan makonni salla. Kekuna uku na ta ƙara, janareto na ruri a waje, shadda da yadi jibge a kan benci. Na tambaye shi inda yake samun aikin da yake sa wa riguna. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Malam, duba nan, duk wanda kake so akwai.” Hotuna ne ɗaruruwa da ake turowa ta WhatsApp. Mai riga ya zaɓa, a aika yadin Kano inda ake da injin kwamfuta, cikin kwana biyu ko uku ya dawo da aiki a jiki. Na nuna masa wani da na ga askarsa a fili, ko da yake an matse ta an cusa mata furanni, na ce mene ne sunan wannan? Ya ce shi dai da lamba suke kiransa.

Ba laifin wannan matashi ba ne. Mai riga ba zai jira wata uku ba, kuma kuɗin aikin hannu ya fi ƙarfin ma'aikaci da manomi. Inji ya sa talaka ma yana sa riga mai aiki ranar salla, wannan kuwa ci gaba ne da ba mai musunsa. Sai dai akwai abin lura a nan. Injin kwamfuta ba ya ƙirƙirar komai, zane ake ba shi ya bi. A yau zanen ya rabu da jikin riga ya zama abu mai zaman kansa, wanda ake ajiyewa, a sayar, a tura wata ƙasa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka wanda ya mallaki zane shi ya mallaki kasuwa. In tushen zanen namu ya ɓace, abin da zai rage shi ne kwafin kwafi, kowane ya fi na bayansa lalacewa, har ranar da za a kawo mana aska takwas daga wata masana'anta ta ƙetare, mu saya ba mu san tamu ba ce. Mun riga mun ga yadda atamfa da shaddar waje suka cika Kantin Kwari bayan masaƙun Kano da Kaduna sun durƙushe. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Duniya ma ta fara waiwayo tufafin Afirka. A 2022 shi wannan gidan tarihi na Victoria da Albert ya yi babban nuni a kansu, inda aka girmama magabata irin su Shade Thomas-Fahm ta Nijeriya, wadda ta dawo daga karatu a Landan a 1960 ta buɗe gidan ɗinki a Legas, da Alphadi na Nijar, wanda ya ƙaddamar da bikin nunin tufafin Afirka a cikin hamadar yankin Agadas a 1998. Abin da ya ba masu shirya nunin damar ba da labarin waɗannan mutane shi ne akwai suna, akwai shekara, akwai hotuna da takardu. Mai zanen zaure ya riga su fara aiki, kuma hannunsa bai gaza nasu ba, amma ba a baje kolin abin da ba a adana ba.

Wani zai ce ai ɗora suna a kan aiki ɗabi'ar Turawa ce, mu a wurinmu fasaha ta jama'a ce, kuma gwani na ƙwarai ba ya tallan kansa. Akwai gaskiya a ciki, domin ba wanda zai ce shi ya ƙagi tambari. Amma mu ba baƙin kiyaye suna ba ne. Malamanmu suna riƙe da salsalar waɗanda suka karantar da su. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshen littafi. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. In magini ya samu wannan, me zai hana mai zane? Wani kuma zai ce yankin da ke fama da tsadar taki da ƙarancin malaman makaranta, ina shi ina zancen tsohuwar takardar siminti? Amsa ita ce wannan aiki ba ya cin kuɗin taki. Abin da yake bukata takarda ce mai kyau, da waya mai ɗaukar hoto, da mutum mai haƙurin zama ya saurari tsoho.

Ga abin da nake ganin za a iya farawa da shi. Na farko, a gidajenmu: duk wanda ya gaji tsohuwar riga ko wando ko hula ta aikin hannu, kada ya bari a yayyanka ta a yi tsumma. Ya ɗauki hotonta gaba da baya, ya tambayi manya wa ya zana, wa ya yi aikin, a wane gari, a zamanin wane sarki ko hakimi, ya rubuta ya ajiye tare da ita. Na biyu, ɗalibai: 'yan asalin Kabo da Gwarzo da Ƙaraye da ke karatu a Jami'ar Bayero, wadda ke bakin hanyar garinsu, da na sashen tsara kayan masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga shi nan a ƙofar gida. Su je wurin dattawan da suka rage da farar takarda da tawada, su roƙe su su zana duk abin da suka sani, su faɗi sunan kowace siffa da wanda ya koya musu, a biya su ladan aikinsu, a rubuta sunansu a ƙasan takardar da yardarsu. Kada a manta da mata, domin su ne ke riƙe da yawancin ɗinkin hula a yau, kuma zanen gado da matasan kai da iyayenmu mata suka yi wa ado da zaren ulu, su ma tarihi ne.

Na uku, hukumomi. Gidan Makama, wanda asalin gininsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take, suna nuna tufafi da kayan sarauta. Ya kamata a ware ɗaki guda don zanen kansa, a ajiye shi inda gara da laima ba za su kai ba, a kuma nemi kwafin hoto na abin da ke Landan da sauran biranen Turai, a sa shi inda ɗalibi da tela za su gani kyauta. Hakimai da dagatai sun san gidan kowane tsohon mai sana'a a ƙasarsu, kalma ɗaya daga bakinsu ta isa ta buɗe gafakar da baƙo ba zai taɓa gani ba. Su kuma masu injin kwamfuta, riba ce gare su su sami zane na asali mai suna da tushe, domin mai saye a Abuja ko Yamai ko Jidda zai fi biyan kuɗi a kan aikin da aka san inda ya fito.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne lissafin shekaru. Yaron da ya fara share ƙasa yana koyon aska biyu yana ɗan shekara 15 a 1955, yau ya haura 80. Su ne na ƙarshe da suka koya daga bakin waɗanda suka yi aiki a kan saƙi da tsamiya, kafin shadda da keke su zo. Riga mai kyau takan yi shekara ɗari a cikin adaka, ana iya nazarinta gobe ko jibi. Amma sunayen siffofi, da dalilin da ya sa ake fara jan wannan layi kafin wancan, da sanin wane ne ya koya wa wane, waɗannan a ƙirjin mutane suke, kuma kowace shekara ana rage su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai je hutu ƙasar Kabo ko Gwarzo bana, ya sa farar takarda goma a jakarsa, ya tambayi mai unguwa gidan wanda ke zana riguna a da.